RABI'U ALI PELE: MAI GIDAN DA BAI BAR GIDA BA

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Ibadan, in dai yana sauraron labarin ƙwallo, to ba sai an gaya masa ko wane ne Rabi'u Ali ba, wato kyaftin ɗin nan na Kano Pillars wanda jama'a suka laƙaba wa suna Pele. An haife shi a 1980. Abin da ya sa muka ɗauko zancensa kuwa shi ne, yaran da suka yi wasa tare da shi da yawa sun haye jirgi sun tafi Turai neman arziki, amma shi sunan da ya yi duk a filayen ƙasar nan ya yi shi.

Ɗan wasan tsakiya ne, amma yana da cin ɗan gaba. In aka ba Pillars bugun tazara a bakin gidan abokan karawa, ko fenariti, 'yan kallo a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata sun san ƙafar da za ta buga. Da shi aka ci kofin lig na ƙasa sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014.

Ranar da duniya ta san shi kuwa a Afirka ta Kudu ne, cikin Janairun 2014, a gasar CHAN, wadda ba a shiga sai da 'yan wasan da ke buga wa ƙungiyoyin cikin gida. Marigayi Stephen Keshi ne ya tafi da shi. Ya jefa wa Mozambik ƙwallo biyu. Sa'an nan aka gamu da Maroko a Cape Town, kafin a tafi hutun rabin lokaci an ɗura mana uku ba ko ɗaya, har waɗansu masu kallo a nan gida sun tashi sun kama harkokinsu. Da aka komo sai wasa ya juya. Nijeriya ta farke ukun nan duka, ɗaya daga ƙafar Rabi'u, aka ƙara lokaci, ta ci na huɗu. A ƙarshe ta zo ta uku a gasar. Ya sake zuwa CHAN a 2018, inda aka kai wasan ƙarshe, Maroko ta rama da ci huɗu da nema.

To, amma ƙwallon gida ba daɗi kaɗai gare shi ba. Ba jirgi ake hawa ba galibi, mota ce, daga Kano har Fatakwal ko Owerri, kan hanyar da ku masu karatu kuka fi kowa sanin halinta. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a wajen Abaji, kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, suka raunata 'yan wasa biyar. A 2018 kuma a Asaba, a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, Pillars na gaba da uku, Rangers ta Inugu ta farke, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti. Sai a shekara mai bi suka share hawaye a Kaduna, da suka kā da Niger Tornadoes.

Mafi ɗaci ita ce 2022. Saboda rikicin da magoya baya suka tayar a wasa da Katsina United, hukuma ta kori Pillars daga Kano, aka ce ta riƙa karɓar baƙi a filin Moshood Abiola na Abuja. Masu Gida suka zama baƙi a gidan aro, kujeru fayau, babu masu kirari. Kakar ba ta ƙare ba sai da ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu.

A nan ne, a ganina, mutumin ya nuna ko shi wane ne. Ya haura shekara arba'in, ga kofuna a ɗaki, da ya rataye takalmi ba wanda zai ga laifinsa. Bai rataye ba. Ya bi ƙungiyar zuwa ƙananan filayen da ba a nuna su a talabijin, har ta komo babban rukuni a 2023. Da Ahmed Musa ya gama yawonsa na Rasha da Ingila da Saudiyya da Turkiyya ya sake komowa Pillars a 2024, ya tarar da Rabi'u na nan cikin fili, yana da shekara 44, yana buga fenariti.