Datse zogale don kaji su samu ganye

'Yan uwa masu shirin fara kiwo, tsadar abinci ce ke karya mutane da yawa. Zogale na ɗan rage nauyin, amma sai an iya datse shi.

In ka bar shi, sama kawai zai miƙe kamar sanda, ganyen can ƙololuwa. Ni da ya kai mini gwiwa zuwa ƙugu nake tsinke kansa. Daga nan sai ya fito da rassa ta gefe, su ma in sun yi tsawon kamu ɗaya a sake tsinke kansu. Mutane na jin tausayin yanka shi, wallahi yankan ne ke sa shi cika. Wuƙar dai ta zama mai kaifi, kuma kar a zage ganyen duka a rana ɗaya.

Ruwan da ka zubar daga kwamin kifi, juya shi gindinsa. Kashin kaji kuwa sai ya ruɓe tukuna, ɗanyensa ƙona saiwa yake.

A inuwa ake shanya ganyen, a daka, a gauraya da abinci. Ba na wuce kashi 5 cikin 100, yawansa na rage musu ci.

Mu a nan Sunke akwai ƙarin hattara. Garinmu na cikin garuruwan Anka da gubar dalma ta shafa a 2010. Kar a shuka zogale ko a shanya ganyensa inda aka taɓa niƙa dutsen zinariya, don ƙurar na bin ganyen zuwa cikin kaza, ƙwan kuma yaranmu ne za su ci.