Darasi Daga Suƙ al-Sha'abi: Mu Koya Wa Dattawanmu Aiki Da Waya

Suƙ al-Sha'abi suna ne na manyan kasuwanni biyu a Sudan, ɗaya a Khartum, ɗaya a Omdurman. Sudan ba baƙuwarmu ba ce, domin Hausawa sun daɗe da zama a can ta hanyar tafiya Hajji.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF ya rufe bankuna, aka wawashe kasuwanni, tsabar kuɗi ta yi wuya. Sai ciniki ya koma manhajar Bankak ta Bankin Khartum. A Disamba 2024 kuma aka canza takardun fam 500 da 1,000, aka ce a zuba tsofaffin a asusun banki. Dattijon da ya saba ƙirga kuɗi da hannu, yau sai ya miƙa wa wani wayarsa da lambar sirrinsa. Nan ake cin amana, nan ake yaudara da alat na bogi. Mu ma a Najeriya mun ɗanɗana haka a farkon 2023, lokacin canjin naira.

Hanyar da ta dace da dattijo ita ce karatun gwamutse, wato a haɗa zama gaba da gaba da darasi ta waya. A zauna a harabar masallaci bayan La'asar, sau ɗaya a mako, kowa da wayarsa a hannu. Darasi ɗaya ya isa: yau duba ragowar kuɗi, wani makon turawa. Dattijon shi zai danna da yatsansa, ba a karɓe masa ba. Daga baya a tura masa gajeren saƙon murya ta WhatsApp da Hausa, ya yi ta bita a gida kamar yadda almajiri ke tilawa. Waya kaɗai ba ta isa ba, don ba mai gyara masa kuskure. Zama kaɗai ma bai isa ba, don mantuwa na shiga tsakani, ga ƙarancin gani.

Abu biyu za a fara da su: kada ya gaya wa kowa lambar sirri, kuma kada ya saki kaya sai ya ga kuɗin a asusunsa.

Ɗalibai, wannan aikinmu ne. Haƙuri da su a nan yana cikin biyayyar iyaye. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya kare dukiyar iyayenmu, amin.