MA'AUNIN ZAFI MARAS WAYA: YAUSHE ZA A GASKATA SHI?

A da, in mutum yana so ya san zafin gari sai ya fita ƙofar gida ya ji a jikinsa. Yanzu kuwa akwai wata 'yar na'ura a kasuwa wadda kana zaune a ɗaki za ta nuna maka zafin ɗakin da na tsakar gida gaba ɗaya, ba tare da an ja waya ba. Tana da amfani ga mai kiwon kaji, da mai ajiye magani a gida, da uwar da ke renon jariri cikin hunturu. Amma fa akan ji waɗansu suna kuka da ita, wai ƙarya take yi. To, mai karatu, bari mu duba mu ga inda laifin yake.

Yadda take aiki

Na'urar kashi biyu ce. Akwai babbar, mai fuskar gilashi inda lambobi ke fitowa, ita ake ajiyewa a ɗaki. Bari mu kira ta uwar. Akwai kuma ƙaramin da ake ratayewa a waje, mu kira shi ɗan aike. A cikin kowannensu akwai wani ɗan ƙwaya, bai fi ƙwayar dawa girma ba, wanda yadda lantarki ke ratsa shi yakan sāke in ya ɗumama ko ya huce. Da wannan sākewa ake lissafta zafin. Ɗan aike yakan tura wa uwar awonsa ta iska, kamar rediyo, yawanci sau ɗaya ko biyu a minti.

Wato ke nan ɗan aike bai san zafin gari ba, zafin jikinsa kaɗai ya sani. In ka sa shi inda jikinsa zai fi iska zafi, abin da ya ji shi zai faɗa. Yawancin abin da ake kira ƙaryar ma'auni daga nan yake fitowa.

Harafi biyu, awo biyu

Kafin komai, dubi harafin da ke gefen lambar. Daniel Fahrenheit, wanda ya yi aikinsa a ƙasar Holan, ya fito da awonsa a 1724, Anders Celsius mutumin Suwidin kuma ya fito da nasa a 1742. Mutanen Amurka suna bin na farko, mai harafin F. Mu kuwa na biyun muke bi, mai harafin C, inda ruwa ke daskarewa a 0, ya tafasa a 100. In ka ga 104 da F a gefe kada gabanka ya faɗi, digiri 40 ne a awonmu. Akwai ɗan maɓalli, sau da yawa a bayan uwar, na komawa C.

Sa'an nan kada ɗigon nan ya ruɗe ka. Ma'aunin yakan rubuta 31.7, sai ka ce ya ƙware ƙwarai. Amma in ka karanta takardar da ke cikin kwalin, yawancinsu sun faɗa cewa suna iya kuskuren digiri ɗaya sama ko ƙasa. Ashe 31.7 tana iya zama 31, tana iya zama 32 da rabi. Ga aikin gida wannan ba kome.

Inda za a rataye ɗan aike

Masu binciken yanayi ba sa auna zafi a rana. Tun 1864 wani injiniya ɗan Sukotlan, Thomas Stevenson, ya tsara musu farin akwati mai ramuka a kowane gefe, iska na ratsawa, rana ba ta shiga. Ƙa'idarsu ita ce a ɗaga ma'auni daga ƙasa tsakanin mita 1.25 da mita 2. Duk awon da ka ji a rediyo na inuwa ne, har da digiri 48.5 da aka auna a garin Kayes na ƙasar Mali a watan Afrilu na 2024. Saboda haka in naka ya nuna 55 alhali rediyo ya ce 41, to rana ce ta doke shi, ko bangon da yake manne da shi ya gasa shi.

Ga wani abin lura kuma. Takardun waɗannan na'urori sukan ce a rataye ɗan aike a bangon arewa. Shawara ce mai kyau ga mutanen Turai da Amurka, gama a can rana tsaka kullum ta kudu take bi. A ƙasarmu ba haka ba ne. A Kano da makwabtanta, daga ƙarshen Afrilu har tsakiyar Agusta rana ta arewa take karkata, sai ta sauka a kan bangon nan da aka ce mai inuwa ne. Don haka kai ne za ka duba gidanka, da safe, da azahar, da la'asar, ka zaɓi wurin da rana ba ta taɓawa. Ƙarƙashin baranda mai sili ya yi, ko inuwar itace mai duhu, muddin ruwan sama ba zai jiƙa shi ba. Ka rataye shi daidai tsawon kanka, ya ɗan rabu da bango. Ka nisanta shi da rufin kwano, da murhu, da janareto, da daɓen siminti da rana ke dafawa.

Uwar ma haka. Kada a ɗora ta kan talabijin ko firiji, ko a bakin taga.

In saƙo bai iso ba

A jikin kwali za ka ga an rubuta cewa saƙo yana kai mita 30, ko 60, ko ma 100. A fili aka gwada wannan, inda babu abin da ya tsare. Kowane bango yana rage ƙarfin saƙon. Katangar ƙasa mai kauri da bulo mai rodi suna cinye shi, kwano da ƙofar ƙarfe kuwa sun fi kowa tare shi. In saƙo ya yanke, waɗansu na'urori sukan nuna 'yan layuka a maimakon lamba. Waɗansu kuwa sukan riƙe tsohuwar lambar na wani lokaci, wannan shi ya fi haɗari. Lambar da ta tsaya cik daga hantsi har azahar abin tuhuma ce.

Yawancinsu suna da tasha 1, 2 da 3. In maƙwabcinka yana da irin taka, uwarka tana iya kama ɗan aikensa. Sai ka sauya tasha, ka cire batir ɗin duka biyu, ka mayar suna kusa da juna.

Batir ma yana da nasa. Zafi yana saurin kashe shi, in ya daɗe kuma yakan zubo da farin gari mai cin ƙarfe. Ka buɗe ka duba kafin bazara da bayan damina, ka kakkaɓe ƙurar hunturu da gidan zanzaro daga ramukan ɗan aike.

Gwaji biyu a gida

Gani ya kori ji. Ka ajiye uwar da ɗan aike gefe da gefe a kan tebur cikin ɗaki, ka bar su awa biyu, gama robar da aka rufe su da ita ba ta saurin ɗaukar zafi. In bambancinsu bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba, lafiya lau. In ya kai huɗu, ka mai da wa mai kanti.

Na biyu, ka daka ƙanƙara ka cika kwano, ka zuba ruwa kaɗan. Ka ɗaure ɗan aike cikin leda biyu don kada ruwa ya shiga, ka matse iskar, ka nutsa shi rabin awa. Ya kamata ya sauko kusa da 0. In ya tsaya a 2, ka san yana ƙari, sai ka riƙa ragewa a ranka.

Abin da ke rataye a kan awon

'Yan tsaki a makonsu na fari suna bukatar digiri 32 zuwa 35, a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako. Amma a tsawon bayan tsako za a auna. In an rataye ɗan aike can sama kusa da fitila, zai ce akwai ɗumi alhali sanyi na kashe su a ƙasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗakin haihuwa kada ya gaza digiri 25. A daren hunturu, musamman a Jos da sauran ƙasar tudu, ɗaki yakan yi ƙasa da haka nesa. Yawancin waɗannan na'urori suna riƙe awo mafi ƙanƙanta da mafi girma, da safe sai uwa ta danna ta ga iyakar sanyin da aka yi da asuba.

Magunguna da yawa an rubuta a jikinsu a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30. Allurar insulin ta masu ciwon sukari, wadda ba a buɗe ba, tana son digiri 2 zuwa 8, kuma in ta daskare ta lalace. Ana iya sa ɗan aike cikin firiji kusa da maganin, in saƙonsa yana fitowa. Amma fa wannan ma'auni ba na zazzaɓi ba ne. Na jikin mutum dabam yake, a kemis ake samunsa.

A ƙarshe, Hausawa sun ce jiki magayi. In ma'auni ya ce 33 amma 'yan tsaki sun cunkushe wuri ɗaya suna kuka, sanyi suke ji. In kaji sun buɗe baki suna haki, zafi ne. In ƙafafun jariri sun yi sanyi, a rungume shi a ƙirji a lulluɓe, kome lambar ta ce. Daga baya a je a duba inda aka rataye ɗan aike.