Aikin lafiyar da ba a sa masa farar riga

Duk shekara nakan tambayi 'yan ajina na JHS 3 a nan Zangon Kumasi abin da suke so su zama. Amsar kusan ɗaya ce: likita ko nas. Bana wata yarinya, wadda ta fi kowa lissafi, ta ce: "Ticha, ina son aikin asibiti, amma ganin jini jiri yake sa ni." Aka fashe da dariya. Ni kuwa sai na ce ta kawo katin inshorar lafiyarta washegari.

Katin nan ba likita ya yi shi ba. Iyayenmu sun san zamanin da sai ka biya kafin a taɓa ka. A 2003, lokacin Shugaba Kufuor, majalisa ta zartar da dokar NHIS. Wasu ne suka zauna suka lissafa cewa harajin kashi 2.5 cikin ɗari a kan kaya zai riƙe asusun, suka tsara waɗanda za a ɗauke wa kuɗin shekara: yara 'yan ƙasa da 18, tsofaffi daga 70, sannan masu ciki daga 2008. Wannan shi ne nazarin manufofin lafiya.

In sun yi kuskure kuma, a jikinmu yake fita. A 2012 a nan yankin Ashanti aka fara gwada tsarin kafiteshan: kowa ya zaɓi asibiti ɗaya, gwamnati ta riƙa biyan asibitin kuɗi ƙayyadadde a kan kowane kai. A takarda abin ya yi kyau. To, amma ɗan Zango fa? Mai fataucin da rabin watansa yana hanyar Bawku, ko 'yar kayayo da yau tana Aboabo gobe tana Kejetia? Asibitoci masu zaman kansu suka yi ta kuka, har aka dakatar da tsarin a 2017. Na sha tunanin da wani ɗan Asawase yana teburin, da tun farko ya yi wannan tambayar.

Akwai kuma ɓangaren sa ido: HeFRA mai ba asibitoci lasisi, da FDA mai tantance magunguna, har da na gargajiya da ake tallarsu a lasifika.

Hanyar ba lallai ta bi ta ajin kimiyya ba. Digiri a tattalin arziki, ƙididdiga ko shari'a ya isa farawa, daga nan sai digiri na biyu a makarantar lafiyar al'umma ta KNUST, wadda ke da sashen manufofin lafiya, ko ta Legon. Gaskiya aikin ba shi da kwarjini. Ba wanda zai kira ka "dokta" a wurin suna, kuma rahoton da ka yi wata shida kana rubutawa yana iya kwana a durowa.

Yarinyar ta kawo katin. Ya mutu tun bara, ba wanda ya lura a gidansu. Muka sabunta shi ta waya da *929#, ita kuma ta tambaye ni wa ya yanke cewa sai an riƙa sabuntawa duk shekara.