Ina Za a Sauka? Zaɓen Masauki a Fatakwal, Anacha da Inugu

A da, Bahaushen da ya nufi kurmi ba ya tambayar otal. Sunan mutum yake riƙewa. Kafin ya bar Kano ko Sakkwato an riga an gaya masa in ya isa ya nemi gidan wane, ko ya wuce wajen Sarkin Hausawa. Mai masaukin nan shi zai ba shi tabarma, ya adana masa kuɗi, ya haɗa shi da mai sayen kaya, in rigima ta taso kuma ya tsaya masa. Tsarin bai mutu ba, har yau 'yan shanu da 'yan gwari da direbobin tirela da shi suke aiki. Sai dai matafiya sun sake kama. Yanzu akwai ma'aikacin da ya ɗauki hutu yana son 'ya'yansa su ga jirgin ruwa, akwai Hajiyar da za ta saro kaya, akwai mai rakiyar ɗa bautar ƙasa. Irin waɗannan waya suke buɗewa, su ga hoton gado da farin zanin gado, su tura kuɗi. Daga nan kuskuren yake farawa, domin an zaɓi ɗaki ba a zaɓi unguwa ba.

A waɗannan biranen uku unguwa ta fi ɗaki muhimmanci. Ɗaki in bai yi maka ba, gobe ka sauya. Unguwa kuwa ita za ta yanke maka awa nawa za ka ƙone a cunkoso, inda za ka yi Juma'a, naman da za ka ci hankali kwance, da kuma ko iyalinka za su iya leƙa waje bayan isha'i.

Mu fara da Inugu, wadda ta fi sauƙin sha'ani ga baƙo. Garin kwal ne, an gano ma'adinin a tsaunukan yankin a 1909, kuma saboda shi Turawa suka shimfiɗa layin dogo daga Fatakwal ya iso a 1916. Mutanenmu sun daɗe a can, har ta kai Malam Umaru Altine, Bafulatani ɗan kasuwar shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Duk wanda aka cusa wa cewa ɗan Arewa ba shi da tarihi a ƙasar Ibo, ya riƙe wannan. Babban masallacin gari yana kan titin Owerri a unguwar Asata, kuma kewayensa ne za ka ji Hausa na tashi, ka samu tuwo da shayi da tsire. Kasuwar Ogbete da tashoshin Holy Ghost ba su da nisa daga nan. Mai iyali kuwa, ni dai zan ce ya kwana a Independence Layout ko New Haven ko GRA. Tituna a tsare suke, dare shiru in ka kauce wa layin mashaya, kuma 'yan mintuna ne a mota zuwa masallaci. Wanda hutu zalla ya kawo shi, yana iya sauka wajen tafkin Nike, ya ware yini guda ya haura dajin Ngwo ko ya je ganin ruwan da ke zubowa daga dutse a Awhum. Abin lura ɗaya: motar Arewa takan ajiye fasinja a Ninth Mile, mahaɗar da ke bayan tsauni. Wurin mahaɗa ce ta manyan motoci, ba cikin gari ba ne. In ka iso tsakar dare, ka kwana nan kusa, da safe ka gangara.

Anacha daban take. Ba garin hutu ba ce, kuma duk wanda ya ce maka haka yana da abin da yake son sayar maka. Kasuwa ce da gari ya tsiro a jikinta. Babbar kasuwarta tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, ga kasuwar Ose a bakin kogi, ga ta Bridge Head inda ake hada-hadar magunguna. Sunayen titunan da ke kusa da babbar kasuwar ma sun isa shaida: titin Bida, titin Sakkwato, titin Kano. A titin Bida babban masallaci yake. Da rana wurin kamar kana Kantin Kwari, ba wurin sa ƙafa. Da an tashi kasuwa aka ja ƙofofi, sai unguwar ta yi tsit, irin tsit ɗin da ba ya yi wa baƙo daɗi. Upper Iweka kuma, inda manyan motoci ke lodi, ta yi ƙaurin suna wajen 'yan fizge tun ba yau ba. Otal mai araha a bakin tasha yana da jan hankali ga wanda ya kwana zaune a mota, amma araha ba ta ado, balle ga mai ɗauke da kuɗin sari.

Shi ya sa 'yan kasuwa da yawa suka gano dabara: su yini a Anacha, su kwana a Asaba. Kogin Kwara ne kawai ya raba su. Asaba babban birnin jihar Delta ce, ta fi natsuwa, otal-otal sun yi yawa, tana da filin jirgin sama, tana kuma da tata unguwar Hausawan. Abin da ke ɓata wannan dabara a da shi ne tsohuwar gadar da aka gama a 1965, wadda a watan Disamba mutum kan shafe sa'o'i a kanta. Gada ta biyu da aka buɗe a 2023 ta ɗauke wani kaso na masu wucewa gaba, amma mai shiga cikin kasuwa har yanzu tsohuwar ce hanyarsa, don haka ya yi sammako. Wanda ya fi son ya kwana cikin Anacha, ya nemi GRA ko wajen 3-3.

Sai maganar Litinin. Tun watan Agustan 2021 aka fara tilasta wa mutane zaman gida ranar Litinin a jihohin Kudu maso Gabas. Gwamnatoci sun yi ta ƙoƙarin karya abin, ya yi sauƙi a cikin birnin Inugu, amma ƙarfinsa ya bambanta daga gari zuwa gari, daga wata zuwa wata. Kada ka tsara isowa ko tashi a ranar sai ka tambayi wanda ke zaune a can a makon. In ba haka ba, za ka biya kuɗin kwana guda kana kallon silin.

Fatakwal ita ce mai tsada, kuɗin mai ya lalata farashin komai. An kafa ta a 1912, aka raɗa mata sunan Lewis Harcourt, sakataren mulkin mallaka na Ingila a lokacin, mu kuma harshenmu ya lanƙwasa shi ya koma Fatakwal. Hausawa a nan ba a dunƙule suke wuri guda ba. Akwai na tsohon gari da ake kira Town, akwai na Diobu, wato Mile 1 zuwa Mile 3, akwai 'yan gwari a kasuwar Fruit Garden da ke titin Kaduna a D-Line, akwai 'yan canji a kusa da Hotel Presidential kan titin Aba, sannan ga jama'a mai yawa a Oyigbo, can bakin hanyar Aba. Garin a miƙe yake bisa manyan tituna biyu, na Aba da na Ikwerre, kuma duk da gadojin sama da aka zuba a zamanin Gwamna Wike, cunkoson Rumuokoro da na mahaɗar Eleme bai san babba ba. Ranar Laraba, da kasuwar Oil Mill ke ci, ɓangaren mahaɗar Eleme kan toshe. Filin jirgi yana Omagwa, wajen gari sosai. Otal ɗin da ya rubuta cewa yana kusa da filin jirgi gaskiya ya faɗa, sai dai bai gaya maka cewa ya yi nesa da duk abin da ka zo gani ba. Ga mai iyali, D-Line da GRA sun fi dacewa: tsakiya ne, abincin gida yana kusa, wurin wasan yara na Pleasure Park ma yana kan titin Aba.

Ruwan sama a nan ba irin namu ba ne. Abin da ke sauka a Fatakwal a shekara ya ninka na Kano fiye da sau biyu, kuma damina kan ja daga Maris har Nuwamba. Layin da ka gani a hoto fes, a watan Yuli yana iya zama rafi. Ka tambaya ƙarara: in an yi ruwa, mota tana shigowa har ƙofa?

To ina ya fi, cikin unguwar Hausawa ko wajenta? Ra'ayina shi ne namiji shi kaɗai mai harkar kasuwa ba abin da ya fi masa cikin 'yan'uwa, can labari yake, can ciniki yake. Mai mata da yara kuwa ya kwana kusa, ba ciki ba. Yawancin waɗannan unguwanni a jikin kasuwa ko tasha ko kara suka tsiro, an gina su don fatauci ne, ba don hutawa ba, ɗakunan haya a matse, banɗaki na tarayya. Akwai kuma abin da ba a son faɗa amma dole a faɗa. Idan rikici ya tashi, unguwar da aka san ta baƙi ce ake fara nufa. An gani a Anacha a Fabrairun 2006, an gani a Oyigbo a Oktoban 2020. Irin wannan ba kullum ba ne, shekaru kan wuce ana ciniki lafiya, ana auratayya ma. Amma mai hankali in ya sauka yakan san inda barikin soja ko ofishin 'yan sanda mafi kusa yake. Kuma ko a ina ka kwana, ka je ka gaida Sarkin Hausawa ko limamin unguwa a ranar farko, ka karɓi lambar waya. Su ne za su fara jin ƙishin-ƙishin kafin rediyo ta ji.

Shi kansa otal ɗin, kada ka biya fiye da kwana ɗaya sai ka ga ɗaki da idonka. Ka tambayi ƙarfe nawa ake kunna janareta, ƙarfe nawa ake kashewa, domin zafin kurmi mai gumi ne, fanka in ta tsaya barci ya ƙare. Ka buɗe famfo ka gani. Ka duba ko akwai mashaya ko gidan rawa a harabar, ka kuma leƙa maƙwabta: cocin da ke kwanan addu'a daren Juma'a da lasifika zai iya raka ka har asuba. Otal ɗin da ke ba da ɗaki na awa-awa ba wurin kai iyali ba ne, kuma zama na minti goma a wajen karɓar baƙi ya isa ka gane irinsa. Buta da darduma ka taho da naka. Alƙibla daga can ta fi karkata arewa maso gabas fiye da yadda ka saba a gida, saboda haka kada ka dogara da fitowar rana kawai. Batun nama da sauƙi, tunda yawancin shanun da ake yankawa ta hannun mutanenmu suke bi, amma a kicin ɗin otal ba ka san abin da ya shiga tukunya kafin naka ba. Kifi ya raba gardama, musamman a Fatakwal, inda gasasshiyar agada da kifi da suke kira bole ta isa a yi tafiya dominta.

Lokaci ma yana cikin lissafi. Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu 'yan ƙabilar Ibo na duk duniya suke komawa gida Kirsimeti, ɗakuna su cika, farashi ya haura, hanya ta cushe. Mai son ganin Inugu ko Asaba a sake, ya bari sai bayan tsakiyar Janairu, lokacin an watse, ruwa bai dawo ba, masu otal kuma sun fara sauraron tayi.