Stonebraker: Shehun Malamin Da Bincikensa Ya Zama Jarin Kamfanoni

Duk lokacin da ɗan kasuwa ya nemi sanin abin da ya rage a asusunsa na banki, amsar tana fitowa ne daga rumbun adana bayanai, wato manhajar da ke tsara bayanai cikin kwamfuta yadda za a zaƙulo wanda ake so nan take. Cinikin irin waɗannan manhajoji na biliyoyin daloli ne kowace shekara, kuma in aka bi salsalarsa za a taras da hannun wani malamin jami'a ɗan ƙasar Amurka, Farfesa Michael Stonebraker.

Shi dai Stonebraker ya fara koyarwa a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a 1971. Shekara guda kafin nan, wani masanin lissafi na kamfanin IBM, Edgar Codd, ya ba da shawarar a riƙa jera bayanai cikin jadawali kamar littafin akawu, sannan a haɗa wannan jadawali da wancan ta abin da suka yi tarayya a kai, misali lambar asusu. Da yawa daga masu sana'ar suna ganin wannan lissafi ne na takarda wanda na'ura ba za ta iya gudanarwa da sauri ba. A 1973 Stonebraker da abokin aikinsa Eugene Wong suka ɗaura ɗamarar gwada shi da tallafin hukumomin gwamnatin Amurka, suka gina manhajar da suka raɗa wa suna Ingres.

Abin lura a nan shi ne jami'ar ba ta kulle asirin aikin ba. Ta riƙa bai wa sauran makarantu manhajar a kan kuɗi kaɗan, haɗe da ainihin rubutun umarninta. Ɗaya daga cikin ɗaliban aikin, Robert Epstein, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Sybase a 1984. Daga manhajar Sybase ɗin ne Microsoft ya samo SQL Server, kuma a 2010 kamfanin SAP na Jamus ya sayi Sybase a kan dala biliyan 5.8.

Amma kamfanin da Stonebraker ya kafa a 1980 don sayar da Ingres bai yi galaba a kasuwa ba. Ingres tana aiki ne da harshen tambaya mai suna QUEL, wanda masana da dama suka fi yaba tsarinsa, yayin da IBM da Oracle suka riƙe SQL. Da hukumar daidaita ma'aunai ta Amurka ta amince da SQL a 1986, magana ta ƙare. Ba laifin masu saye ba ne: manajan banki ya gwammace abin da zai samu ma'aikatan da suka iya shi a ko'ina, ko da akwai wanda ya fi shi kyau. A 1990 aka sayar da kamfanin.

Duk da haka ba za a ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ba. A 1986 Farfesan ya fara sabon aiki mai suna Postgres, kuma kamfanin Illustra da aka gina a kansa, Informix ya saye shi a 1996 a kan wajen dala miliyan 400. Sai dai reshen da ya fi yaɗo shi ne na kyauta. Wasu ɗalibai biyu, Andrew Yu da Jolly Chen, suka koya wa Postgres harshen SQL, wato harshen da ya kayar da Ingres, daga nan aka sake mata suna PostgreSQL a 1996. 'Yan sa-kai ne ke kula da ita, kowa yana iya ɗauka ba tare da biyan ko sisi ba, har ma Amazon da Google da Microsoft suna ba da hayarta ga abokan cinikinsu. Wannan riba ba ta shiga littafin kuɗin jami'ar Berkeley, shi ya sa duk mai auna amfanin bincike da kuɗin da ya dawo aljihun makaranta zai yi kuskuren lissafi.

A 2001 Stonebraker ya koma jami'ar MIT, inda bincikensa ya haifi kamfanin Vertica, wanda HP ya saya a 2011. An ba shi lambar yabo ta Turing ta shekarar 2014, mafi daraja a fannin kwamfuta, tare da kyautar dala miliyan ɗaya.