Shin Zakaran Yara Ya Cancanci Wucewa Babbar Ƙungiya Kai Tsaye?

A wannan fitowa mun ɗauko wata muhawara da ba ta ƙarewa a gidajen kallon ƙwallo na birnin Katsina: idan yaro ya ci kofi a gasar matasa, shin wajibi ne a ba shi gurbi a babbar ƙungiya? Masu cewa e suna kafa hujja da cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Masu cewa a'a kuwa sun ce gaba da gabanta. Bari mu duba abin da ya faru a zahiri.

Sau 5 Nijeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 da ƙungiyarta ta Golden Eaglets: a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Babu ƙasar da ta kai ta. Amma har yau Super Eagles ba ta taɓa wuce zagayen 'yan 16 a kofin duniya na manya ba. To ina yaran suke shiga?

Wasunsu sun kai. Nwankwo Kanu da Celestine Babayaro, zakarun 1993, suna cikin waɗanda suka ciyo wa ƙasa lambar zinariya a gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta. Wasu kuma tauraronsu ya dushe. Macauley Chrisantus ya fi kowa cin ƙwallo a 2007, da ƙwallaye 7, har ƙungiyar Hamburg ta Jamus ta ɗauke shi, amma bai samu gindin zama a Super Eagles ba. Kelechi Nwakali shi aka zaɓa gwarzon gasar 2015, Arsenal ta saye shi, amma ya bar ta bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba.

Labarin Victor Osimhen ya fi koyar da darasi. Ya ci ƙwallo 10 a gasar 2015, sai Wolfsburg ta Jamus ta ɗauke shi. A can ko ƙwallo ɗaya bai ci ba. Da aka ba da aronsa ga Charleroi, ƙaramar ƙungiya a Beljiyam, inda yake buga wasa kowane mako, sai ya farfaɗo. Daga nan ya tafi Lille, sannan Napoli, inda ya ci kofin gasar lig ta Italiya a 2023, aka kuma zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a shekarar. Da an yanke masa hukunci tun a Jamus, da an yi asararsa.

Me ya sa kofin yara ba ya tabbatar da nasara a wurin manya? Na farko, jiki. A shekara 16, wani yaron ya riga tsararrakinsa girma, sai ya riƙa fin su gudu da ƙarfi. Bayan shekara uku kowa ya kamo shi. Wannan ne ma ya sa batun shekaru ke da nauyi, har hukumar FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun 'yan wasa a 2009. Na biyu, gasar matasa 'yan makonni ce, kakar manya kuwa watanni ce, ga rauni, ga kewar gida. Na uku, gurbi. Kowace gasa tana fitar da sababbin zakaru, amma wanda ke riƙe da gurbin ba ya sauka don an yi sabon zakara.

Matsalar gurbi ta fi fitowa fili a tseren motoci na duniya. A kakar 2025, babbar gasar Formula 1 tana da ƙungiyoyi 10, kowace da direba 2, wato kujera 20 kacal. A ƙarƙashinta akwai Formula 2, inda kowa ke tuƙa mota iri ɗaya, kuma doka ta hana wanda ya zama zakara sake shiga gasar. Oscar Piastri na Ostareliya ya ci ta a 2021, ya yi shekara guda yana jira, kafin McLaren ta ba shi mota a 2023. Felipe Drugovich na Barazil ya ci ta a 2022, sai ya ƙare a matsayin direban ko-ta-kwana. Su ma can, bayan gwaninta, ana duba kuɗin da masu ɗaukar nauyin direba za su kawo.

A nan gida muna da tsarin da ya kamata a yi koyi da shi. Wasan ƙwallon dawaki, wanda Sarki Muhammadu Dikko ya kafa a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi fice a cikinsa, yana ba kowane ɗan wasa daraja daga -2 zuwa 10. Kwamiti ne ke ɗaga ta ko rage ta bayan ya daɗe yana kallon hawansa, bugunsa da yadda yake haɗa kai da sauran abokansa uku. Kofi ɗaya ba ya ɗaga mutum sama lokaci guda.

A ganinmu, zakaran yara ya cancanci a gwada shi, gwaji na gaskiya, a ba shi lokaci da wurin da zai riƙa wasa. Hana shi wannan zalunci ne, domin idan kofi ba ya buɗe ƙofa, me zai sa yaro ya wahala? Amma gurbin dindindin sai ya nema da sabon gumi.

Muna roƙon malaman wasanni su riƙa bibiyar waɗanda suka yi fice a gasar gidaje bayan an gama rabon kyaututtuka, har da waɗanda suka zo na biyu da na uku. Ku kuma 'yan'uwa masu burin sa rigar Katsina United a filin wasa na Muhammadu Dikko, ku riƙe atisaye, ku riƙe karatu. Mai ra'ayi dabam ya rubuto mana, za mu liƙa shi a fitowa ta gaba in Allah Ya so.